Lambar GPS ta jefa mu wani gari: yadda ake karanta ta da yadda ake juya ta

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren kwamitin ruwa na ƙauyenmu a ƙasar Ringim. Kafin damina mun yi karo-karo mun kira mai awon ruwa, ya duba inda za a haƙa mana rijiyar burtsatse, ya kafa turke, ya rubuta mana wannan a takarda: N 12° 14.520' E 009° 22.815'. Kuɗin haƙa bai haɗu ba sai bayan kaka, kafin nan an nome wurin, turken ya ɓace. Na buɗe taswirar waya na rubuta 12.14520, 9.22815, sai ta nuna mini wani wuri can nesa da garinmu. Wasu sun ce na'urar mutumin ce ba ta da kyau, wasu sun ce cutarmu ya yi. Kuma a takardar filin makarantarmu akwai wasu dogayen lambobi marasa digiri, masu mE da mN. Don Allah yaya ake karanta waɗannan abubuwa, kuma wanne ne daidai?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya ta jama'a, ya kuma ba ku ruwa mai albarka.

Kafin komai, ina roƙonka ka kwantar wa mutanenku da hankali game da mai awon ruwan. Zato zunubi ne, kuma babu abin da ke jikin takardar nan da ke nuna cuta ko lalacewar na'ura. Ya yi rubutunsa da salo ɗaya, kai kuma ka ba wayarka lambobin da wani salon. Ƙwayoyin lambar da ka danna su ne dai nasa, ɗigo kawai ka gusar, amma gusar da ɗigon nan ya mai da su adireshin wani wuri dabam. Na lissafa ratar: wayar ta kai ka kimanin kilomita 11 kudu da kuma kilomita 16 da rabi yamma da inda turken yake, wato kusan kilomita 20 a miƙe. Abin da ya kamata ka rubuta shi ne 12.24200, 9.38025. Idan shi kaɗai kake nema, ga shi nan. Amma tunda kai ne mai riƙe da takardun gari, kuma irin waɗannan lambobi yanzu suna zuwa daga malaman gona da ma'aikatan rigakafi da masu safiyo, gara ka san inda na samo shi, don gobe ka yi da kanka.

Abin da lambobin biyu ke faɗa

Lamba ta farko, mai harafin N, ita ce latitud. Tana gaya maka nisan da ka yi arewa da layin ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa. A kan layin kansa lambar 0 ce, a can ƙurewar arewacin duniya kuma 90. Ta biyun, mai harafin E, ita ce longitud, nisan da ka yi gabas da wani layi da ya ratsa Girinwich a birnin Landan, wanda ƙasashe suka amince a taron Washington na 1884 a riƙa fara ƙirga daga kansa. Nijeriya ɗungurungum tana arewa da na farkon, tana gabas da na biyun, shi ya sa duk lambar da aka ɗauka a ƙasar nan N da E za ka gani, ba S ko W ba.

Akwai abin da nake so ka haddace, don zai tsare ka daga kurakurai da yawa. Birnin Kano yana wajen digiri 12 na arewa da 8 da rabi na gabas. Dutse tana wajen 11.7 da 9.3. Haɗeja tana wajen 12.4 da 10. Ke nan a Kano da Jigawa lambar arewa tana yawo ne tsakanin 10 da rabi zuwa 13, ta gabas kuma daga kusan 8 zuwa 10 da 'yan kai. A wajenmu ta arewa ce babba, kuma ita ake fara rubutawa.

Digiri ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne, kusan kilomita 111 ne idan ka nufi arewa. Idan gabas ka nufa, a daidai yankinmu, ya ɗan gaza haka, kimanin 109, saboda layukan longitud suna matsowa kusa da juna yayin da ake nisa da ikwaita. Ba wanda zai nemo turke a cikin faɗin kilomita 111, don haka dole a gutsuttsura digirin. Wajen gutsuttsurawar nan ne aka rabu gida uku, kuma a nan matsalarku take.

Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba

Tsohon salo, wanda aka gada daga lissafin mutanen Babila masu ƙirga da sittin-sittin, shi ne a raba digiri gida 60, kowane kashi a kira shi minti, a sake raba minti gida 60, kowane kashi a kira shi sakan. Ka ga agogo ke nan sak. Idan direba ya ce maka tafiyar awa 2.5 ce, ka san awa biyu da rabi yake nufi, wato awa 2 da minti 30, ba awa 2 da minti 50 ba. Haka kuma minti 15 ba 0.15 na awa ba ne, rubu'i ne, 0.25. Duk wanda ya gane wannan ya gama gane rikicin lambobin GPS.

Ga turkenku guda ɗaya a rubuce ta hanya uku:

Digiri da ɗigo: 12.24200, 9.38025

Digiri da minti mai ɗigo: 12° 14.520' N, 9° 22.815' E

Digiri da minti da sakan: 12° 14' 31.2" N, 9° 22' 48.9" E

Na farkon shi ne salon waya da kwamfuta, shi Google Maps ke fara nuna maka in ka danna wuri ka riƙe, shi kuma manhajojin cike bayanai na ma'aikatan gona da na lafiya suke ajiyewa. Na biyun shi ne wanda na'urorin hannu irin Garmin suka saba zuwa da shi daga kamfani, kuma yawancin masu awon ruwa ba sa canza shi, suna kwafe abin da suka gani ne kawai. Na ukun shi za ka fi gani a gefen taswirar takarda da cikin rahotannin hukuma.

Yanzu ɗauko kalkuletar wayarka mu yi tare. Mutumin ya rubuta 12° 14.520'. Ka bar 12 ɗin a gefe, ba ruwanka da shi. Ɗauki mintin, 14.520, ka raba da 60, za ka sami 0.242. Ka haɗa shi da 12, ya zama 12.242. Sai ta gabas: 009° 22.815'. Sifirin nan biyu na gaba cike gurbi ne kawai, domin longitud tana iya kaiwa 180, na'urar ta tanadar mata gurbi uku. Raba 22.815 da 60, ya ba ka 0.38025, ka haɗa da 9, ya zama 9.38025. Shi ke nan. Kai da ka rubuta 12.14520, kamar ka raba mintin da 100 ne maimakon 60, sai rabon ya fito ƙarami. Wannan ne dalilin da ya sa irin wannan kuskure a ƙasarmu kullum kudu da yamma yake jan mutum, bai taɓa kai shi arewa ko gabas ba. Idan mintin ƙarami ne, kamar 2 ko 3, ratar ba ta wuce kilomita biyu ko uku, kuma wannan ya fi haɗari, domin wurin da wayar za ta nuna yana nan cikin gonakin garinku, ba wanda zai yi shakka. Idan mintin ya kusa 60, ratar tana haura kilomita 40. Ku kun yi sa'a da taku ta yi nisan da hankali ya ƙi ɗauka.

Komawa baya kuwa ninkawa ne. Ka ce malamin gona ya turo maka 12.24200, kai kuma kana so ka kwatanta da takardar mai Garmin. Cire 12, saura 0.24200, ninka da 60, ka sami minti 14.520. Idan sakan ake so, cire 14, saura 0.520, sake ninkawa da 60, ka sami sakan 31.2. In kuma daga mai sakan za ka taho, raba mintin da 60, raba sakan ɗin da 3600, ka tara su da digirin: 12 da 0.23333 da 0.00867, jimla 12.24200.

Akwai hanyar da ba ta bukatar lissafi ma. Google Maps tana karɓar salon mai awon ruwan in ka rubuta shi yadda take so: digiri, ka bar fili, sannan mintin da ɗigonsa, waƙafi, sai ta biyun. Wato 12 14.520, 9 22.815. Filin nan da ke tsakanin 12 da 14 shi ne ke gaya mata minti ne ke biye. Duk da haka ina ba da shawarar mutum ya iya rabawa da 60 da hannunsa, saboda ba kowace manhaja ce ke da wannan wayon ba, wasu fom-fom ɗin kuma lamba mai ɗigo kawai suke karɓa, kuma duk abin da ka zuba musu haɗiyewa suke ba tambaya.

Yadda ake gane salon da ido

A aikina, yawancin takardun da ake kawo mini daga ƙauyuka ba su zuwa da tsabta irin taku. Wani ya kwafa daga wani, alamar digiri ta zama sifiri, alamar minti ta ɓace, wani lokacin ma duk an mai da su ɗigo-ɗigo, ka ga 12.14.520. Abin da nake fara yi shi ne ƙirga gungun lambobi. Gungu ɗaya mai doguwar jela bayan ɗigo, digiri ne zalla. Gungu biyu, na biyun da ɗigo da lamba uku a bayansa, digiri ne da minti. Gungu uku, na ƙarshen lamba biyu ko biyu da ɗigo ɗaya, akwai sakan.

Sai ƙa'idar 60: minti ko sakan ba ya kaiwa 60. Duba taku ta gabas, 22.815. Wani zai so ya karanta ta minti 22 da sakan 81, to babu sakan 81 a duniya, nan take ka san ba salon ba ke nan. Amma dubi ta arewa, 14.520. Wannan tana iya yaudara, domin minti 14 da sakan 52 abu ne mai yiwuwa. Wanda ya karanta ta haka ya ƙara kusan sakan 21 a kan 31.2 na gaskiya, sakan ɗaya kuwa kimanin mita 31 ne, ya tsallake turken da sama da mita 600. Shi ya sa ake duba lambobin biyu tare, ɗaya takan tona asirin ɗaya.

Kuskure na gaba shi ne juya su, a sa ta gabas a farko. Wasu manhajojin taswira na kwamfuta da gangan suke fara da longitud, mai kwafa kuma bai lura ba. A wasu ƙasashen in an yi haka wurin cikin teku yake faɗawa, kowa ya gane. Mu a nan ba mu da wannan gatan, domin lambobinmu in an juya su a cikin Nijeriya suke sake sauka. Turkenku in an juya shi zai koma 9.38 arewa, 12.24 gabas, tsakanin Numan da Yola. Birnin Kano in an juya shi wajen Ganye yake komawa. Na sha ganin jerin rijiyoyi ko gonaki na Jigawa da wasu daga ciki suka bayyana a Adamawa saboda wannan, aka yi ta zargin ma'aikacin da ya ɗauko cewa bai je wurin ba, alhali ya je, rana ta dake shi, a ofis aka juya masa aiki. Abin yana yi mini ciwo, domin bawan Allah na iya rasa aikinsa a kan laifin da ba nasa ba.

Sai yanke jela. Mutane suna ganin 12.24200 ya yi tsawo, su rubuta 12.24. Kowane gurbi bayan ɗigo yana da nauyinsa a ƙasa: na farko kilomita 11, na biyu kilomita 1.1, na uku mita 110, na huɗu mita 11, na biyar mita ɗaya da 'yan kai. Lamba biyu bayan ɗigo gari kawai za ta nuna maka. Don rijiya ko kusurwar gona, biyar ake so. Abin da ya haura shida kuma ado ne, wayar hannu ba ta da ƙwarewar da za ta cika shi.

Dogayen lambobin takardar makaranta

Waɗannan wani tsari ne dabam, ba digiri a cikinsu sam, mita ne zalla. Masu safiyo sun fi son sa domin da shi ake lissafin tsawo da faɗin fili kai tsaye. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne UTM. An yanka duniya tsaye gida 60, kowace shiyya faɗin digiri 6. Nijeriya ta faɗa cikin uku, 31 da 32 da 33, Kano da Jigawa kuma duk suna cikin 32, wadda ta kama daga digiri 6 zuwa 12 na gabas. Tsakiyar shiyyar shi ne layin digiri 9, wanda ya ratsa tsakanin Kano da Dutse, ta wajen Gaya. An ba wannan layin lambar 500,000, don kada wanda ke yamma da shi ya sami lamba ƙasa da sifiri. Saboda haka mE ɗin birnin Kano bai kai 500,000 ba, na Dutse da Haɗeja ya haura. Shi kuwa mN nisa ne a mita daga ikwaita.

Turkenku a wannan tsarin yana wajen 32P 541357 mE, 1353343 mN. Ma'anarsa kuna kimanin kilomita 41 gabas da layin tsakiya, da kilomita 1,353 arewa da ikwaita. Ka lura a nan ta gabas ake fara rubutawa, saɓanin digiri. Harafin P ɗin yana nufin ɗamarar da ke tsakanin digiri 8 da 16 na arewa. A wasu takardun 32N za ka gani, N ɗin tana nufin arewacin duniya ne kawai, shiyyar dai ɗaya ce.

Daɗin UTM a daji shi ne ba ka bukatar rabawa ko ninkawa. In na'urarka ta nuna kana 541320 da 1353400, inda kake nema kuma 541357 da 1353343, debewa kawai za ka yi: mita 37 gabas, mita 57 kudu. Amma juya UTM zuwa digiri ba aikin kalkuleta ba ne, lissafinsa dogo ne. A na'urar Garmin ana shiga wajen saiti a canza salon nuna wuri, sai duk wuraren da aka ajiye su koma sabon salon da kansu. A waya kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna salo biyu ko uku a lokaci guda, kuma suna aiki ba data.

To amma kada ka yi gaggawar zuba lambobin makarantar a waya, don akwai tarko biyu. Na farko, ba kowace lamba mai mE da mN ce UTM ba. Nijeriya tana da nata tsohon tsari mai ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, kuma a cikinsa ƙirgan arewa daga digiri 4 yake farawa, ba daga ikwaita ba. Alamar da za ka duba mai sauƙi ce: a Kano da Jigawa mN na UTM ƙwaya bakwai ne, ya haura miliyan. In ka ga ƙwaya shida ko ƙasa da haka, wani tsarin ne, ko na ɗamarar tsakiya, ko wanda aka fara ƙirgansa daga wani dutsen safiyo na yankin.

Tarko na biyu shi ne datum, wato tushen da aka ɗora awon a kansa. Duniya ba ƙwallo ce mai santsi ba, dole masu awo su zaɓi wata siffa ta lissafi da ta yi kusa da ita, su kuma zaɓi inda za su ɗaure ta. GPS da Google Maps suna kan WGS 84. Taswirori da takardun safiyo na Nijeriya da yawa, tsofaffi da wasu sababbi, suna kan datum na Minna, wanda aka ɗaure a wata alama kusa da Minna, a kan siffar da Clarke ya lissafa a 1880. Lamba iri ɗaya a kan waɗannan tushe biyu ba wuri ɗaya take nunawa ba. A yankinmu bambancin a digiri kusan mita 80 ne ta gabas da yamma, in kuwa a UTM ne har da ƙarin sama da mita 100 ta kudu da arewa. Mita 80 ba komai ba ne ga mai neman gari, amma ga filin makaranta ya isa ya sa katanga ta hau gonar maƙwabci. Ka duba saman takardar ko ƙasanta, mai safiyo na ƙwarai yakan rubuta tushen da shiyyar.

Wannan ya shafi takardar rijiyar ma. Ba a rubuta datum a jikinta ba. Galibi WGS 84 ne, tunda haka na'urorin suke zuwa, kuma a kan haka na yi muku lissafi. Amma akwai masu aikin da ke saita tasu a kan Minna, kuma takardar ita kaɗai ba za ta faɗa ba. Kira ɗaya a waya zai warware wannan.

Ranar da za ku fita neman turken

Ba sai da sabis ko data ba. Wayar saurare kawai take yi, tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kuma in ta ji huɗu ko fiye sai ta lissafa inda take. Wayoyin yanzu ba na Amurka kaɗai suke ji ba, da yawa suna haɗawa da na Rasha da na Turai da na Sin. Data hoton taswirar kawai take saukowa da shi, tana kuma sa wayar ta kama da wuri. Don haka ka sauke taswirar yankinku tun kana inda akwai sabis. Hazon hunturu ko gajimare ba sa hana ta aiki. Abin da ke dame ta shi ne rufin kwano, da jikin gini, da inuwar babbar bishiya mai duhu irin tsamiya ko mangwaro. Ka tsaya a sarari ka ba ta minti biyu ko uku ta natsu kafin ka yarda da abin da ta ce.

Idan kun matso kusa, ka daina bin kibiyar. Kamfas ɗin waya yana rikicewa in mutum yana tsaye ko yana tafiya a hankali, ka ga kibiyar tana juyi. Lambobin za ka zuba wa ido. In ka yi arewa ta farkon tana ƙaruwa, in ka yi gabas ta biyun tana ƙaruwa, gabas kuwa ba baƙuwar kowa ba ce a ƙauye. Ka fara daidaita ɗaya: yi ta tafiya kudu ko arewa har ta zama 12.24200, sannan ka juya gabas ko yamma har ɗayar ta zama 9.38025. Gurbi na huɗu in ya motsa da ɗaya, ka yi taku 14 ko 15 ke nan.

Ga iyakar abin, kuma ina so a faɗa wa kwamiti tun kafin a fita. Waya mai kyau a sarari tana iya kuskuren mita 5, na'urar mai awon ruwan ma tana da nata na mita 3 zuwa 5 a ranar da ya ɗauka. Wannan ma ci gaba ne, domin kafin watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar da gangan, kuskuren farar hula yana kaiwa mita 100. Abin da lambar za ta ba ku shi ne da'ira mai faɗin kamar mita 10, ba ramin turken ba. A cikin da'irar sai a koma ga mutane: wanda ya riƙe masa igiya ranar, mai gonar da ya san kunyar da ya tsallake, yaran da suka tsaya kallo.

Ko mita 10 na da muhimmanci? Ya danganta da ƙasar. A shimfiɗar yashi da laka ta wajen Haɗeja da Gumel ruwa a yalwace yake kwance a ƙarƙashi, gusawa kaɗan ba ta cika ɓata aiki ba. A ƙasar dutse kuwa, irin ta Dutse da Birnin Kudu da Kazaure da yawancin jihar Kano, ruwan yana maƙale ne a tsagar dutse da ruɓaɓɓen samansa, kuma 'yan mitoci na iya raba rijiya mai ruwa da busasshiya. Ƙasar Ringim tana kusa da inda biyun suka haɗu. Shawarata, tunda kuɗin haƙa ya ninka kuɗin awo sau da yawa, kuma gumin talakawa ne, ku nemo da'irar da kanku, sannan ku biya wa mutumin kuɗin mota ya dawo ya tabbatar da wurin kafin motar haƙa ta iso. Wataƙila ma wurin na nan a ajiye cikin na'urarsa. In ya kafa sabon turke, a zuba masa siminti, a kuma auna nisansa da tef daga abubuwa biyu da ba sa gusawa, kamar kuka da kusurwar gini, a rubuta a littafin kwamiti.

A littafin kuma a rubuta lambar cikakkiya: harafin N da E, alamomin digiri da minti yadda suke a fuskar na'urar, sunan datum, ranar da aka ɗauka da wanda ya ɗauka. A ƙarƙashinta a ƙara ta salon waya mai lamba biyar bayan ɗigo, don ɗaya ta zama shaidar ɗaya. Wanda ke da waya mai kyamara ya ɗauki hoton fuskar na'urar, ya fi kwafe da hannu aminci nesa ba kusa ba.

Game da filin makaranta kuwa, ina jan kunne da babbar murya: kada wani ya ɗauki waya ya ce zai nuna iyaka da ita. Kuskuren mita 5 a bakin gona kunya biyar ne ko fiye, kuma mun san abin da kunya ɗaya ke haddasawa tsakanin 'yan uwa. Na'urorin da masu safiyo ke kafa duwatsun iyaka da su wasu ne dabam, suna aiki bibbiyu ko da tashar gyara, suna kai wa ga santimita. Waya za ta taimaka muku ku lalubo dutsen siminti da ƙasa ta binne, in kun san tushen lambobin. In dutsen ya ɓace ko ana jayayya a kansa, sai a sanar da dagaci da hukumar makarantar, a nemi mai safiyo mai rajista ta hannun ofishin ƙasa da safiyo na jiha, ya zo da takardar a hannunsa, masu gonakin da ke kewaye suna tsaye a mayar da shi. In ka turo mini lambobin takardar tare da duk rubutun da ke samanta da ƙasanta, zan duba maka ko wane tsari ne, in sha Allahu.